Maƙwabci na Biyar a Gada Biyu

Ana tsuga ruwa na sauka Jos, daga ni sai jaka ɗaya da 'yar rigar shadda a jikina. Mu a Damagaram ruwan damina zuwa yake ya wuce, rana ta fito ta ci gaba da gashi. Nan kuwa tun kafin in gama sauko da ƙafa daga mota sanyi ya shige mini har ƙashi. Na raɓe a rumfar wani mai shayi ina kiran lambar mutumin da ya ce zai tarye ni. Tana shiga, ba a ɗauka.

Sunana Mutari. Aikin haɗa kwamfutoci na karanta a can gida Nijar, da Faransanci. Na yi shekara huɗu ina yi wa wata ƙungiyar agaji aiki, har ranar da suka tattara nasu ya nasu suka bar garin. Wata bakwai na yi a zaune, ga matata Hadiza, ga 'yarmu ƙarama. A wani zauren hira na waya da masu sana'armu ke taruwa na haɗu da Oga Nura. Ya ce yana da aikin wata shida a Jos, ya gaji da masu surutu ba aiki, mai tsoron Allah yake nema. Bakinsa da daɗi, ko yaushe "ɗan'uwa" yake ce mini.

Sai da na shanye shayi kofi biyu saƙonsa ya shigo. Wai uzuri ya taso masa, in tafi Dutse Uku in tambayi Malam Sabo tela, akwai ɗaki.

Mai keken da na tsayar yana jin Hausata ya gane baƙo ne. Ya yi ta zagaye da ni, har na ga wani gidan mai guda sau biyu. Da muka iso wata mahaɗa mai cunkoso sai ya taka birki.

"Sauka, nan ne Tina Junction."

"Ai Dutse Uku na ce maka."

"Ni nan nake tsayawa. Ka ƙarasa da ƙafa, ka riƙe hannun dama. Kada ka bi hagu."

"Me ke hagun?"

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya karɓi kuɗin da daga baya na ji ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, ya ja kekensa ya yi gaba. Na tsaya a tsakiyar masu gasa masara da masu kiran fasinja, jaka a ka, ina kallon hanyoyi biyu da a idona babu abin da ya bambanta su. Wannan ne tsorona na farko a garin, kuma ban ma san abin da nake tsoro ba.

Malam Sabo dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ashe bai san Oga Nura sosai ba, ɗinkin sallah kawai ya taɓa yi masa. Da ya ga yadda haƙorana ke haɗuwa, bai tambaye ni komai ba sai da ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar rigar sanyi mai kauri ya ce in saka. Bayan na ci tuwo ya zaunar da ni a bencin shagonsa.

"Ɗan Damagaram, garin nan lafiya lau ne, kakana ma a nan ya yi haƙar kuza. Amma ka ji abu biyu. In ka ga masu shaguna suna rufewa da rana tsaka, kada ka tsaya tambaya, ka dawo gida. In kuma ka ga taro ana ihu, ko me ake yi, ba naka ba ne."

Na ce, "To, Baba."

Wurin aikin a Gada Biyu yake, wani bene mai hawa biyu da ba zan faɗi sunansa ba. A ƙasa akwai shagon da ɗalibai ke zuwa cike takardu ta intanet, da ɗakin gwajin jini na wata mata da kowa ke kira Ngo Chundung. A sama akwai ofishin wani lauya, da ofishin ƙungiyar mata masu sayar da dankalin Turawa, da na Oga Nura kansa. Shi ke sayar wa dukkansu intanet.

Ya tarye ni da runguma da ƙanshin turare. Ya ce in kawo fasfo ɗina a yi mini rajistar zama, kwana uku ya dawo. Ya ba ni wata takarda da Turanci in sa hannu, ya ce shaidar ɗaukar aiki ce. Turancina a lokacin na cikin kwamfuta ne kawai, umarnin da ake buga wa na'ura na sani, amma dogon rubutu sai a hankali. Na ga sunana, na ga lambar Hadiza da na bayar a matsayin wadda za a kira in wani abu ya faru, na sa hannu.

Aikin kansa ya yi mini daɗi. Layin intanet biyu gare shi daga kamfani biyu, da rauta huɗu, wato akwatunan da ke nuna wa saƙon kwamfuta hanyar da zai bi. Wanda ya yi aikin kafin ni da hannu ya rubuta wa kowace rauta hanyarta: ke bi nan, ke bi can. To idan layi ɗaya ya faɗi, rautar ba ta san wata hanya ba, sai ta yi ta tura saƙo inda ba ya isa, har mutum ya zo ya sake rubutawa. Kullum faɗa ake da masu haya.

Abin da aka kawo ni in yi shi ne in sa rautocin su riƙa neman hanya da kansu. Akwai tsarin da muke kira OSPF. Idan ka kunna shi, kowace rauta tana aika gaisuwa cikin waya duk daƙiƙa goma. Wadda ta amsa sai a rubuta ta a wani jeri da a sana'ar ake kira jerin maƙwabta. Daga nan kowace ta faɗa wa sauran hanyoyin da ta sani da tsadar kowace hanya, saƙo kuma ya bi mafi araha. Idan wata ta yi shiru daƙiƙa arba'in, sai a cire ta daga jerin, a nemi wata hanyar.

Mako uku na yi ina jan waya, ina rubuta lambobi a littafi, ina daidaita agogon kowace rauta, don a wurin tsohon aikina an koya mini na'urar da agogonta ba daidai ba ba ta da shaida. Ranar gwaji na kira Oga Nura, na zare layin farko da hannuna a gabansa. Kafin ya gama tambayar me zai faru, komai ya koma kan layi na biyu. Ya tafa, ya ce daga yau sunana Injiniya.

Na ce saura abu ɗaya, in saka kalmar sirri a tsakanin rautocin, yadda ba wata na'ura da za ta shigo ta gaisa a karɓe ta sai ta san kalmar.

Ya ce, "Bar shi tukuna, ɗan'uwa. Zan ƙaro wasu kwanan nan, sai mu yi gaba ɗaya."

Na tambayi fasfo ɗina. Ya ce mutumin ofishin ya yi tafiya.

Kwanakin nan kewar gida ta dame ni. Abincin ba laifi, amma ni fura nake so irin wadda Hadiza ke damawa, mai yaji da citta. In na kira ta, 'yarmu ta karɓe wayar ta yi ta hura iska a ciki, ba ta iya magana ba tukuna. Ngo Chundung ce kaɗai ke tsayar da ni a ƙofarta da safe. Mace ce mai jiki, ta haura hamsin, da giciye ƙarami a wuya. Hausarta irin ta garin ce, mace da namiji duk "ya" ne.

"Ɗan Nijar, ka ci abinci? Fuskan ka ya yi kamar ba ka ci ba."

Wata Litinin na zo aiki kaina kamar ana sara shi. Ina hawa matakala ƙafafuna suka ƙi. Ita ta gan ni, ta ja ni ɗakinta, ta ɗebi jinina ta rubuta a babban littafinta, ta ce maleriya ce mai ƙarfi. Ta kwantar da ni a dogon bencinta, ta kira wata nas ta yi mini allura, ta rufa mini zanenta. Tun ƙarfe tara na safe ina nan kwance ban san inda kaina yake ba sai bayan la'asar. Da na zaro kuɗi ta ture hannuna.

"Abeg, je ka gida. Ɗana ma yana wani ƙasa, wani ne yana duba shi."

Washegari Talata na lallaɓo na dawo. Ina shiga ta kira ni, ta ce kwamfutarta tana abin da ba ta saba ba. Shafin bankinta na buɗewa a hankali, kuma sau biyu yake tambayar kalmar sirri. Na duba shafin. Ya yi kama da na gaske, launi da tambari duk daidai, amma akwai ɗan gargaɗi a sama wanda mutane ke dannawa su wuce ba su karanta ba. Na ce mata kada ta saka komai a ciki yau, ina gyara.

Na hau sama na shiga rauta ta farko, na kira jerin maƙwabta. Rauta huɗu gare ni, don haka duk wadda na shiga uku ya kamata in gani, ita ce cikon ta huɗun. Na ga huɗu. Na goge idona na sake bugawa. Huɗu. Na shiga ta biyu, ita ma huɗu. Akwai na biyar a cikin ginin, yana gaisawa duk daƙiƙa goma, an kuma karɓe shi hannu biyu saboda babu kalmar da za a tambaye shi. Ya faɗa wa rautocina cewa hanyarsa ta fi ta kowa araha, su kuma yadda na koya musu, suka yarda. Duk saƙon da ya fita daga ginin, na lauya, na ɗalibai, na matan dankali, ta hannunsa yake bi kafin ya isa waje.

Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Akwai wata baƙa da ba ni na ja ta ba. Ta bi bayan bututun ruwa, ta sauka ƙasa, ta shige ƙarƙashin ƙofar wani ɗan sito da ke ƙasan matakala. Da kwaɗo a ƙofar. Na kara kunne, na ji ƙaramar fanka tana juyawa a ciki.

Wallahi har lokacin ban zargi Oga Nura ba. Da gudu na je ofishinsa in ba shi labari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Zauna, Injiniya."

Ya buɗe durowa ya fito da takardar da na sa wa hannu, ya karanta mini da Hausa a hankali. Ni Mutari, ni kaɗai ke da alhakin duk na'urar da ke kan wayoyin ginin. Ya ce kwamfutar da ke cikin siton ma da sunana aka buɗe ta. A ƙarƙashin takardar na hango koren bangon fasfo ɗina.

Na ce, "Oga, kuɗin mutane za a sata."

"Wa ya ce maka? Kai dai ka yi aikinka. In ka taɓa wani abu a rautocin nan, cikin minti ɗaya zan sani." Ya yi murmushi, irin wanda ya tarye ni da shi ranar farko. "Ka yi tunani, ɗan'uwa. Baƙo ne kai, ba takarda, ko Turancin kare kanka ba ka da shi. In abu ya fashe, ni da aka haifa a garin nan za a kama, ko kai? Mako biyu kawai. In ba ka fasfonka da haƙƙinka, ka koma wurin Hadiza. Ko in kira ta in gaishe ta?"

Yadda sunanta ya fito daga bakinsa ya kashe mini jiki. Na tashi na fita.

Kwana huɗu na yi a haka. Kullum da safe in shiga rauta in kira jerin, in ga na biyar yana nan. Umarnin da zai kore shi layi biyu ne kacal, na san su kamar sunana. Sau nawa na buga su, in tsaya ina kallo, in goge. In na ji takun takalmi a matakala sai zufa ta karyo mini cikin sanyin nan. In mota ta tsaya a ƙofar gini sai in leƙa ta taga. Na daina bin gaban ɗakin Ngo Chundung. Na ga sakatariyar matan dankali tana buɗe ofishinsu ranar Laraba, na gaishe ta, ta amsa da fara'a, na wuce. Bakina ya buɗe zai yi magana, na hango motar Oga Nura a ƙasa, na rufe shi.

Malam Sabo ya lura tuwona na dawowa kamar yadda aka kai. Ya ce, "Ciwon ne bai sake ka ba?" Na ce shi ne, Baba. Hadiza ta kira ta ce muryata ta canza, na ce mura ce. Na yi tunanin gudu, amma ina zan bi ba fasfo? Kuma wanda ya gudu ai ya amsa laifi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi ina shagon ɗalibai ina gyara wata waya na ji hayaniya a sama. Mata ne, sun fi ashirin, wasu da mayafi wasu da ɗankwali, suna saukowa suna kuka suna zage-zage. An kwashe asusun ƙungiyarsu. Sun zo biyan manoman da suka kawo musu dankali, suka tarar babu komai. Kafin ka ce me, masu keke da masu shagunan bakin titi sun cika harabar. Na tuna maganar Malam Sabo, amma wannan taron ƙofar fita ya tare.

Sai na ji muryar Oga Nura daga kan matakala, a sanyaye kamar mai jimami.

"Ni ma abin ya dame ni. Tun da na ɗauko yaron nan ɗan Nijar abubuwa suka canza. Shi kaɗai ke taɓa na'urorin."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ban taɓa ganin idanu da yawa haka a kaina ba. Wani ya ce, "Ga shi can!" Wani ya ce ɗan damfara ne. Wani ƙato ya sunkuya ya ɗauki guntun katako. Na so in yi magana, Hausar da aka haife ni da ita ta ɓace mini. Aka cafki wuyan rigata, mari ya sauka a kunnena na hagu har na daina ji da shi.

Hannun da ya fizge ni ta baya na Ngo Chundung ne. Ta jefa ni cikin ɗakinta, ta ja ƙofar ƙarfe ta danna sakata. Nan take aka fara dukan ƙofar. Ta ɗaga waya ta kira 'yan sanda, sannan ta juyo ta tsaya a kaina tana haki.

"Dube ni. Kai ne?"

"Ba ni ba ne, Mama."

"Amma ka san wanda ya yi."

Na fashe da kuka kamar yaro, na faɗa mata komai, sito da takarda da fasfo. Ta ce kuka ba zai buɗe ƙofan nan lafiya ba, ina shaida? Sai a lokacin kaina ya dawo. Na zauna a kwamfutarta, har sau uku ina kuskuren kalmar shiga. Rauta tana rubuta duk abin da ya same ta da lokacinsa. Na nemo layin da na biyar ya fara gaisawa aka karɓe shi. Litinin, sha ɗaya da minti ashirin na safe.

Ta jawo babban littafinta ta buɗe shafin Litinin, ta ɗora yatsa a kan sunana. Ta dubi littafin, ta dubi bencin da na kwanta.

"Lokacin nan kana nan kamar gawa. Ni na rufe ka da zani."

Na ɗauki hoton komai da wayata da tata. Ƙofa tana ta girgiza, wani yana cewa a kawo fetur, wata mata tana ihu a bari hukuma ta zo. Na ce, "Mama, har yanzu abin yana aiki. Duk wanda ya buɗe banki a ginin nan yanzu, za a ɗauke nasa."

"To me kana jira?"

Na fara da rautar da ta fi nisa da ni, don in na fara da ta kusa zan yanke wa kaina hanyar isa sauran. Na saka kalmar sirri, na fita, na shiga ta gaba. Duk wadda na saka wa sai ta daina ganin 'yan'uwanta har su ma su samu. Ta uku ta yi jinkirin amsawa, na ɗauka na rasa ta, sai ga ta. Da na gama ta huɗu na kira jerin. Ukun nawa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Na biyar yana nan a rubuce, lambar da ke gefensa mai ƙirga daƙiƙa arba'in ɗin shirunsa tana raguwa. Talatin da ɗaya. Ashirin. Gilashin taga ya fashe, dutse ya gangaro ƙarƙashin tebur. Tara. Huɗu. Na sake bugawa, jerin ya nuna uku.

Ngo Chundung ta je tagar da ta fashe ta ɗaga murya, muryar da ban san tana da ita ba.

"Rifkatu! Rifkatu, zo nan, ke kin san ni!"

Mama Rifkatu ita ce shugabar matan dankali. Ta matso, idanunta jawur.

"Yaron nan yana hannuna, ba zai gudu ba. Amma ku je ƙasan matakala, akwai sito da kwaɗo. Ku tambaya waye yana da makulli."

Hayaniyar ta ragu. Na ji ana maimaita tambayar daga baki zuwa baki. Mai gadin ginin ya ce siton na Oga Nura ne, shi ya canza kwaɗon makon jiya. Oga Nura ya yi dariya ya ce tarkace ne kawai a ciki, bari ya ɗauko makullin a mota su gani da idonsu. Aka buɗa masa hanya. Har yau da nake wannan rubutu bai dawo da makullin ba.

'Yan sanda suka fasa ƙofar. Wata ƙaramar kwamfuta ce a kan kwali, da baƙar wayar nan a jikinta. Duk da haka da ni suka tafi, don sunana ke kan takarda, kuma hakan ya fi mini tsayawa a harabar. Kwana biyu na yi a tsare. Na yi bayanin jerin maƙwabta ga mutum uku daban-daban, ina zana akwatuna huɗu da na biyar a bayan takarda, har aka kawo wani jami'i da ya san aikin, ya duba hotunan ya gyaɗa kai. Ranar Litinin aka fito da ni, na tarar da Malam Sabo da hularsa da Ngo Chundung da littafinta a ƙarƙashin hammata, zaune a benci ɗaya. Ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar. Su biyu suka tsaya mini.

An bincika ofishin Oga Nura, durowar babu komai. Aka ba ni takardar shaidar ɓatan fasfo, aka ce kada in bar gari sai an gama da ni. Na ƙara mako biyar a Jos. Lauyan da ke sama ya karɓi ragamar intanet ɗin ginin, ni na ci gaba da kula da shi. Banki ya tare wani ɓangare na kuɗin matan, sauran ya tafi. Kunnena na hagu bai koma daidai ba.

Kowa a ginin ya koma yi mini kirki, har ƙaton da ya ɗauki katako ya zo ya ba ni haƙuri. Ana cewa ni na tona asirin. Duk lokacin da aka faɗi haka sai in kau da kai, don akwai tambayar da ba wanda ya yi mini, har 'yan sandan ba su tsaya a kanta ba.

Ana gobe zan tafi na je wurin Mama Rifkatu. A bakin titin Gada Biyu take zama, bayan tulin dankali, tana ware manya da ƙanana cikin bokitai. Ta ga ni ta yi fara'a, ta ce a ba ni kujera. Ban zauna ba, na durƙusa.

"Mama, akwai abin da ban faɗa ba. Ba ranar Asabar na gano abin nan ba. Tun Talata na sani."

Hannunta ya tsaya a cikin bokiti.

"Tun Talata?"

"E. Ya tsorata ni, ya riƙe takarduna. Na hana Ngo taɓa nata, amma ku ban faɗa muku ba. Na ga sakatariyarku ranar Laraba, na gaishe ta na wuce."

Ta mai da idonta kan titi. Motoci na wucewa, wata mai saye ta zo ta tsaya, ta ga yanayinmu ta matsa gaba.

"Ranar Alhamis aka fara ɗiba," ta ce. "Akwai wata a cikinmu, mijinta ya rasu bara. Duk abin da ta tara yana ciki. Yanzu ta koma ƙauye da yara huɗu."

Na ce, "Ki yafe mini, Mama."

"Me ya sa ka zo ka faɗa? Da ka tafi abinka ba wanda zai sani."

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan.

Ta ɗauki wani dankali ta juya shi, ta ga ya fara ruɓa ta gefe, ta ajiye shi daban. Sannan ta dube ni sosai, ba fushi a fuskarta, ba kuma fara'ar ɗazu.

"Na ji tsoron da ka ji. Ni ma da ni ce, ban san me zan yi ba. Allah ya kai ka gida lafiya, ka samu iyalinka lafiya." Ta koma kan bokitinta. "Amma yafiya, ba ni kaɗai ke da ita ba. Zan faɗa wa matan ranar taro. Ka bar lambarka wurin Chundung. In sun yafe, za ka ji."

Na bar lambar. Washegari Malam Sabo ya raka ni tasha, na bi ta Kano na tsallaka iyaka da takardar 'yan sanda a aljihun ƙirji, ina taɓa ta a kowane shinge. Shekara biyu ke nan da komawata Damagaram. Na samu aiki a wata makaranta, 'yarmu ta iya magana har ta fi ƙarfin kunnena ɗaya. Ngo Chundung takan kira ni lokaci-lokaci ta tambayi ko na ci abinci. Ban taɓa tambayar ta zancen taron ba, ita ma ba ta taɓa ɗauko shi ba. Ban canza lambar ba.